Albasa Biyu da Malam Sahabi Ya Kawo Mini

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa babanku ya iya zama da ma'aikata. Ranar da aka yi mini walimar ajiye aiki a Jega, har wani ya miƙe ya ce ni ne shugaban da ke sanin halin mutum tun bai buɗe baki ba. Kuka yi ta murna, Asiya har da share hawaye da gefen mayafi. Ni kuwa ina zaune ina murmushin dole, domin na san inda na koyo wannan iyawa, kuma na san a kan wa na koye ta. Mutumin ba ya wurin. Ba a gayyace shi ba, ni ma ban ce a gayyace shi ba. Sunansa Malam Sahabi, mutumin Jiga Makera, kuma labarinsa nake so in ba ku tun ina da sauran numfashi, don kada ku ci gaba da alfahari da abin da ba ku san tushensa ba.

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kujeru sun fi mutane yawa. Aka ɗaga irinmu tun ba mu nuna ba. Ni da nake ƙaramin malamin gona, sai ga ni shugaban malaman gona na yankin da ya kama daga Jega har ƙauyukan Aliero, da ofis, da tebur, da babur sabo fil. Kai ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Kun dai san gidan da na fito, gidan 'yan kasuwa ne. A wurin cin tuwo kowa magana yake yi, baki cike, kuma wanda ya ɗaga murya shi ke da gaskiya. A gidanmu in ka yi shiru ka yarda ke nan, in ba ka yarda ba kuwa har maƙwabta sai sun ji. Da wannan na tashi, na kuma ɗauka haka Allah ya yi kowa. Ina tunani ne da bakina, ina yin tambaya in amsa wa kaina kafin wanda na tambaya ya gama haɗiye yawu.

Mutum uku na fi zama da su a ofis. Akwai Garba, mai kula da wajen Jandutsi, wanda ake kira Garba Na'am domin bai taɓa jin magana daga bakin shugaba ya ce ba haka ba. Ina son Garba ƙwarai a lokacin, don ina ganin shi ne mai kai. Akwai Malama Kulu mai buga mana takardu a tafireta, bazawara ce mai ɗan shekaru, ba ta dariya sai da dalili, maganarta kuma ba ta da zani. Sai Malam Sahabi. Ya girme ni da 'yan shekaru, siriri ne, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron ya taka wani abu mai rai. Shi ke kula da ƙauyensu da na kewaye. Mahaifinsa tsoho ne da duk yankin aka san shi da iya ajiyar albasa, shi kuma Sahabi a cikinta ya buɗe ido. Manoma ba sa yi masa gardama. Amma in an zauna taro sai ka manta yana nan. An rene shi a kan cewa ba a ce wa na gaba a'a a gaban mutane. In yana ganin za ka yi kuskure, sai ya ɗauko gaskiyar ya ajiye ta kusa da kai, ya ja da baya, ya bar ka ka gani da idonka. Wannan duk daga baya na gane shi. A lokacin na ɗauke shi mai sanyin jiki ne kawai, wanda aiki bai dame shi ba.

A shekarar aka gina mana sito a Jiga Makera, na bulo da siminti da rufin kwano, wai don a nuna wa manoma ajiyar zamani. Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku san rudu ba. Rumfa ce ta kara da ciyawa da ake ɗaga ta daga ƙasa, iska tana shiga ta ko'ina, a zuba albasa a ciki ta yi watanni ba ta yi komai ba. Kafin a kai ta rudu kuwa sai an yanke mata ruwa, ganye ya kwanta da kansa, an cire ta an shanya a inuwa har wuyanta ya bushe. Na karanta wannan a makaranta, amma karatu ne na cin jarrabawa. Ni gero da dawa na sani. Sai ga saƙo daga sama cewa manya za su zo daga Birnin Kebbi su buɗe siton nan da mako biyu. Nan take na ga kaina tsaye a bakin ƙofa, sito cike maƙil a bayana, manya suna tambayar wane ne wannan yaro mai himma. Ban ga komai ba bayan wannan.

Ran Alhamis na tara su a ofis.

"Ran Litinin za a hwara cire albasa Jiga Makera," na ce. "Kahin manya su zo ina son sito shi cika har bakin ƙohwa. Akwai mai magana?"

"Yallaɓai, ai wanga shi na daidai!" in ji Garba. "Wallahi abin da ni ka tunani ke nan tun jiya."

Malama Kulu ta ce ita dai a ba ta sunayen manoma ta buga. Malam Sahabi yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, a hankali:

"Shekaranjiya anka ba ta ruwa, Malam."

"Madalla," na ce, "ta ƙara nauyi ke nan."

"Ganyen kau bai kwanta ba tukuna."

"To sai mu kwantar da shi da hannu."

Garba ya fashe da dariya har da buga tebur, ni ma na ji daɗin kaina. Na juya na ce, "Malam Sahabi, ko kana da ja?" Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Garba da ke share hawayen dariya, ya ce, "Allah shi sa albarka." Na rufe taro ina cewa kowa ya amince. A kunnena labari ya ba ni, labarin ruwa da ganye. Ban ji cewa mutumin nan ya miƙe ne iyakar tsayinsa ya ce mini kada in yi ba.

Ran Asabar da sassafe, ina shirin fita neman farin fenti da ƙyallen da manya za su yanka, aka yi sallama. Malam Sahabi ne, ƙafafunsa duk ƙura, ya taso tun daga Jiga Makera a kan tsohon kekensa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure ina duba agogo. Ya gaishe ni, ya gaida iyali, ya tambayi jikin ɗana Bashiru da ya ji an ce ya yi zazzaɓi, ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Ni ina amsawa ina kaɗa makullin babur. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da albasa biyu, ya ajiye su a kan tabarma a tsakaninmu, gefe da gefe.

"Wagga ta bara ta, daga rudun tsoho," ya ce. "Wagga kau jiya nic cire ta ga gonata. Malam shi dubi wuyansu."

Na kalle su da rabin ido. Ta bara ƙarama ce, fatarta a bushe tana ƙara, wuyanta ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare. Ta bana kuwa ƙatuwa, tana sheƙi, wuyanta kauri ne da shi, kore shar.

"Ma sha Allah, ta bana ta hi girma!" na ce. Na ɗaga murya na kira mahaifiyarku ta bayan ƙofa. "Luba, ga albasa Malam Sahabi ya kawo muna, a ƙara ga miya."

Har na yi masa ba'a, na ce tafiyar da ya yi ai ta fi ƙarfin albasa biyu, gaba ya zo da buhu. Ya yi murmushi. Sannan ya ce, "In da Malam na da lokaci…" Na ce wallahi ba ni da shi, mu haɗu Litinin a gona. Ya ce to. Muka miƙe, na ba shi hannu a bakin zaure, na hau babur na wuce shi yana ɗaure ƙafar wandonsa.

Ku kula da wannan, domin nan ne na faɗi. Mutanen su Sahabi ba sa faɗin abin da ya kawo su a zaune. Sai an gama gaisuwa, baƙo ya tashi, maigida ya taka masa, an yi nisa da ƙofa inda babu kunnen kowa, sannan mutum ya tsaya ya ce, "Dama na ce…" A wurin rakiya ake maganar gaske. Kowane yaro a ƙauyukan nan ya san haka. Ni ma na sani, na ga kakannina na wajen uwa suna yi. Amma ban raka shi ba, ko taku biyar.

Da na dawo da azahar mahaifiyarku ta kawo mini ruwa, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, mutum ba ya tasowa daga Jiga da sassahe don shi kawo albasa biyu."

"Halinai na," na ce. "Bai iya gajarta gaisuwa ba."

Ashe ba ta sa su a miya ba, ta ɗora su a faifai ta ajiye a saman katangar madafa.

Ran Litinin aka fara cira. Manoma ba su so ba, na ji daga baya. Sahabi ne ya bi su gida gida, domin umarni aka ba shi, su kuma suka yarda don idonsa. Wanda ya fara bayarwa mahaifinsa ne. Tsohon ya san abin da zai faru fiye da kowa, amma ya ba da albasar gonarsa gaba ɗaya don kada ɗansa ya ji kunya a gaban shugabansa. Da tsoho ya bayar, sauran suka bi. Bayan kwana huɗu na je dubawa. Na tarar da sito ko rabi bai yi ba, ƙofa a buɗe, albasa kuma an baje ta a ƙarƙashin itatuwa, an rufa mata ganye. Sahabi yana durƙushe yana juya ta da hannu. Yana ƙoƙarin ya sama mata ko da kwana biyu ne na iska, ba tare da ya karya umarnina a fili ba. Ni kuwa na ga lalaci. Na sauka daga babur na buɗe masa wuta a gaban mutanen garinsu, a gaban ƙannensa da surukansa, mahaifinsa yana zaune a kan wani dutse da sandarsa. Na kira shi malalaci. Na ce baƙin ciki yake yi don an ba ni kujerar da yake ganin tasa ce. Har yau in na tuna wannan kalma sai in ji zafi a fuskata. Ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya mayar, ya ɗauki kwando. Kafin la'asar an tura albasa ciki har kusa da kwano, na rufe ƙofa da hannuna na sa kwaɗo.

Manya suka zo, aka yanka ƙyalle, aka tafa, aka yaba mini. Hoton nan da ke rataye a falo, wanda kuke nuna wa abokanku, na ranar ne. Ku duba gefen hagu, za ku ga kafaɗar wani mutum da rabin hularsa. Shi ne.

Ba a yi mako uku ba wari ya tashi. Lokacin bazara ne, kwano ya ɗauki rana tun hantsi, ciki kuwa babu inda iska za ta bi. Da aka buɗe, baƙin ruwa ne ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ƙudaje kuwa ba a magana. Aka yi kwana biyu ana kwasa ana zubarwa a bayan gari, mata suna wucewa da bakin zani a hanci. Wahalar rani guda ke nan ta gidaje da yawa, tun daga rainon iri, da dashe, da ban ruwa a cikin sanyin asuba. Akwai wanda da ita zai rufe ɗakinsa kafin damina, akwai wanda da ita zai ci har kaka. Babu wanda ya zage ni. Ni baƙo ne mai babur. Ɗansu suke kallo, wanda ya shiga gidajensu ya ce su bayar.

Sai takardar tuhuma ta zo daga sama, ana son a san yadda aka yi. Na zauna na rubuta rahoto da hannuna. Na rubuta cewa jami'in da ke wurin bai busar da amfanin yadda ya kamata ba, kuma bai sanar da shugabansa halin da albasar take ciki ba. Na miƙa wa Malama Kulu. Tana cikin bugawa sai na ji tafireta ta tsaya.

"Yallaɓai, wanga layi ba gaskiya na ba."

"Wane?"

"Wanda kac ce bai hwaɗa ba. Ina zamne nan yac ce shekaranjiya anka ba ta ruwa."

"Ya ce kada a cire? Kin ji ya ce kada a cire?"

"Bai ce ba. Amma kai ma ka san abin da ya ka nuhi."

"Aikinki bugawa na, Malama."

Ta dube ni har sai da na kau da kai. Ta buga. Da ta gama ta zare kwafi na biyu ta ajiye a gabana, ta ce, "Riƙe naka." Garba ya sa hannu a matsayin shaida ko karantawa bai yi ba, yana cewa ai haka aka yi. Na sa rahoton a ambulan na ajiye a tiren takardun da direban ofis ke kwasa. Ran Talata ne, direba kuwa sai Alhamis yake tafiya Birnin Kebbi.

Da na koma gida da yamma, maimakon abinci sai mahaifiyarku ta ajiye mini faifai. Albasa biyun nan ne. Ta bara tana nan yadda take, ko tabo babu. Ta bana ta lotsa, ta yi baƙi tun daga wuya, ta jiƙa faifan.

"Ga saƙon da anka kawo maka, kac ce in sa ga miya," ta ce.

Na ce ta ɗauke mini wannan ƙazanta.

"Ni ban yi boko ba, Malam, amma ɗiyanka da ke gidan ga ko wane da yadda ya ka hwaɗin yunwa. Asiya ihu ta ka yi. Bashiru sai shi zo shi zamna kusa da tukunya, ba ya cewa komi. In na jira sai ya yi ihu awa Asiya, da yunwa ta kashe shi. Kai kau so kakai kowa shi yi magana irin taka."

Na daka mata tsawa, na ce ba ta san aikin gwamnati ba. Ta ɗauki faifanta ta shiga ciki. Amma maganar ta shige ni, na kuma gane komai sarai, taron nan, da ziyarar Asabar, da albasar da aka baje a inuwa. Sau uku mutumin nan ya faɗa mini. To ga abin da nake so ku sani, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ita. Ambulan ɗin ya kwana biyu a tire. Ran Laraba na shiga ofis na gan shi, na ɗauke shi, na juya shi, na mayar. Ba rashin sani ba ne kuma. Tsoro ne, da son kujera. Na lallashi kaina da cewa ai bai furta kalmar "kada" ba, kuma a takarda wannan gaskiya ne. Ran Alhamis ina tsaye a taga direba ya kwashe takardu ya tafi.

Aka mayar da Malam Sahabi wani ƙauye can bayan Maiyama, aka tsayar masa da ƙarin girma. Ya zo ofis yin sallama, ya gaida kowa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in yafe masa in ya taɓa saɓa mini. Na ce ba komai. Ku ji fa, ni ne na ce masa ba komai. Shekara tana zagayowa aka ƙara mini girma.

Daga nan na canja, amma canjin ɓarawon da ya ƙoshi ne. Na daina yanke magana a ranar da na kawo ta, sai in ce kowa ya je ya kwana da ita. In an tashi taro nakan ajiye alƙalami in raka masu shiru har wurin kekunansu, in yi ta tafiya bakina a rufe, abin da ya fi mini wuya a duniya, har su tsaya su ce, "Dama na ce…" A nan na riƙa jin abin da ya hana ni faɗawa ramuka da yawa. Garba kuwa na gano ba munafuki ba ne, tsoron ɓacin ran mutane ne ya yi masa yawa. Sai na riƙa tambayarsa tun ban faɗi ra'ayina ba, in ga ashe yana da nasa, wani lokaci ma ya fi nawa. Malama Kulu da nake jin haushin bakinta, na koma ba na sa hannu a takarda sai ta ce mini babu ƙarya a ciki. Bayan wasu shekaru aka tura mu wani kwas, wani malami ya zana gida huɗu a allo, yana bayanin cewa akwai mai gaggawa, akwai mai son a zauna lafiya, akwai mai bin diddigi, akwai mai zurfin ciki, kuma shugaba sai ya san ƙofar kowa. Abokaina suna ta rubutu. Ni na kasa rubuta ko harafi, domin kowane gida da ya zana ina ganin fuskar da ke ciki. Da aka ce wa zai ba da misali daga aikinsa, na sunkuyar da kai.

Duk shekarun nan Maiyama ba ta yi mini nisa ba. Na bi ta hanyar ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, in ƙara wuta in wuce. Sai bayan walimar nan da na faɗa muku, da yabon ya hana ni sakat, na shirya na tafi. Na same shi ya ajiye aiki shi ma, ya yi gida a Maiyama, bai koma Jiga Makera ba. Ya tsufa, ya ƙara ramewa. A bayan gidansa akwai ɗan rudu ƙarami da ya ɗaure da hannunsa. Ya tarbe ni kamar jiya muka rabu, ya sa aka dama fura. Na buɗe baki na yi ta zuba, na faɗi rahoton, na faɗi kwana biyun da ya yi a tire, na yi kuka har da majina. Yana saurare, yana kallon tafin hannunsa.

"Ba komi, Malam," ya ce. "Ya wuce. Allah shi yahe muna baki ɗaya."

Na ji sanyi a raina, har na fara tunanin ashe abin bai kai yadda na ɗauka ba. Kun ga hali, ko a ranar ma saura kaɗan in sake. Na miƙe, ya ɗauki sandarsa ya ce zai taka mini. Allah ya sa na ajiye mota can bakin titi. Muka bi lungu a hankali, na danne harshena. Muka wuce masallaci, muka wuce masu sayar da rake. Sai da muka kai gindin wata bishiyar bedi, babu kowa kusa, ya tsaya.

"Dama na ce, Malam…"

Na ce ina ji.

"Ni na yahe tun ranar da nit tashi, Allah na gani. Abu guda na ya tsaya mani. Tsoho ya rasu damanar da ta biyo. Da nij je gaishe shi yana kwance, yac ce mani, ‘Sahabi, ni na koya maka albasa da hannuna. Mi yas sa ba ka hwaɗa ma mutumen ba?’"

"Mi kac ce mai?"

"Ban ce komi ba. Kai shugabana na, ba ni iya kai ƙararka ga tsoho."

Ya ba ni hannu, ya ce in gaida Luba, ya juya ya koma da sandarsa. Na daɗe a tsaye a wurin kafin in iya gano aljihun da makullin mota yake.

Malam Sahabi ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ya tafi mutanen garinsu suna ganin ya san albasa za ta ruɓe ya yi shiru, kamar yadda mahaifinsa ya tafi yana gani, kamar yadda na rubuta. Ni ya kamata in je Jiga Makera in tsaya a gabansu. Sau biyu na kama hanya, sau biyu ina kaiwa Aliero in juyo. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa da suna da lafiya da na je ba.

Kwafin da Malama Kulu ta ce in riƙe yana cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, a ƙasan takardun yabo. Bashiru, kai na ɗora wa wannan, don kai ka fi kama da shi a cikinku. Ka ɗauki kwafin da wannan labari da na rubuta muku, ka biya Maiyama ka ɗauki 'ya'yansa, ku je Jiga Makera ranar Juma'a. In an sauko daga masallaci ka nemi izinin dattawa, ka karanta musu duka, kada ka tsallake inda na kira shi malalaci. Na san ɗaga murya ba halinka ba ne, amma ranar ka ɗaga ta yadda na bayan sahu zai ji. Ka ce musu Sahabi ya faɗa. Sau uku ya faɗa, babanka ne bai ji ba.